Yadda Ake Saita Maƙogwaron Totur da Gano Inda Babur Ke Satar Iska

Wannan aiki, wato daidaita maƙogwaran totur don kowace silinda ta riƙa jan iska daidai da sauran, na manyan babura ne masu silinda biyu zuwa huɗu, irin na hannu da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema a hauro da su Kumasi: Honda CB400 Super Four, Suzuki V-Strom, manyan Yamaha da Kawasaki. Boxer, Haojue, Apsonic da sauran masu silinda ɗaya ba su da abin daidaitawa, tunda maƙogwaro ɗaya gare su. Amma mai irinsu ma ya daure ya karanta, don rabin bayanin a kan satar iska ne, wato iskar da ke shiga inji ta tsaga ba ta hanyarta ba, ita kuwa ba ta ƙyale ƙarami ko babba.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka ɗauki sifana ba shi da yawa. Kowace silinda tana da nata maƙogwaro, a cikinsa akwai ɗan faifan ƙarfe da ke buɗewa idan ka murɗa totur. Lokacin da inji ke kan silo, wato yana aiki ba a murɗa totur ba, faifan kusan a rufe yake, fistin yana sauka yana jan iska, sai ƙarfin zuƙa ya taru a bayan faifan. Wannan zuƙar ake aunawa. Silindar da ta fi samun iska zuƙarta kaɗan ce a geji, ita ce kuma ke ɗauke da yawancin aikin. Wadda ta fi toshewa zuƙarta ta fi ƙarfi, aikinta kaɗan. Kamar mata huɗu ne suna lugude a turmi ɗaya: in hannun ɗaya ya fi na sauran nauyi, tun daga ƙofar gida za ka ji dakan ya karkace.

Sai dai geji bai san bambanci tsakanin iskar da ta bi ta faifai da wadda ta shigo ta tsagar roba ba. Wanda ya saita sukuru alhali roba na yoyo, tsagar ya saita wa. Da inji ya yi zafi robar ta saki, komai ya koma gidan jiya. Shi ya sa a nan neman ɓarauniyar hanya ke gaba, murɗa sukuru ke baya.

Kayan aiki

Na farko geji na auna zuƙa, mai agogo huɗu ko biyu, ko mai sandunan ƙarfe irin Carbtune. Tsohon yayi mai zaiba yana da kyau wajen awo, amma zaiba guba ce, kuma inji na iya zuƙe ta in aka saki totur da ƙarfi. Ka bar shi.

In ba ka da geji, ka haɗa naka. Nemi farin tiyo siriri wanda ake ganin cikinsa, kamar mita 5. Na tankin kifin ado ya yi, wanda magina ke gwada daidaiton gini da shi ma ya yi, in ka samu siririnsa. Ka lanƙwasa shi biyu, ka ɗaure a jikin katako mai tsawon mita ɗaya da ɗoriya, lanƙwasar na ƙasa. Ka zuba man giyar otomatik, jan nan, ko man da ake haɗa wa injin yankan katako, har ya kai kamar santimita 40 a kowane gefe. Mai ake sawa don ko inji ya ɗan zuƙi kaɗan, hayaƙi kawai zai yi. A kowane baki ka cusa tsohon ƙaramin jet na kafireta, shi zai hana man tsalle. In babu jet, ka sayi sabon tiyon ƙarin ruwa a kemis, ka yi amfani da ɗan makullin nan mai taya da ake rage gudun ruwa da shi.

Sai sukudireba doguwa siririya. Kan sukurun baburan Jafan ba irin na Phillips ba ne sak, JIS ake ce masa, sau da yawa da ɗan ɗigo a gefen giciyen. Sukudireba ta gama-gari tana zamewa ta cinye kan, don haka in ka ga ta JIS a Suame Magazine, wato Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, kada ka wuce ta. Ragowar: sifana 8, 10 da 12, filaya, tocila, fankar tsaye, kwalbar fesa ruwa, gwangwanin maganin wanke kafireta, sabon baƙin tiyo na zuƙa kamar mita 2, hulunan roba na toshe bakin awo (ɗan bututun da ake haɗa geji a bayan faifai), mahaɗa mai baki uku, alƙalamin fenti, da abin kashe gobara ko bokitin yashi. Littafin sabis na babur ɗin kuwa ka sauke shi a wayarka tun kafin ka fara. Shi zai faɗa maka gudun silo, da silindar da ake kwatanta sauran da ita, da bambancin da aka yarda da shi.

1. Fara da inji a sanyi

Ka auna tazarar bawul tukuna, inji na sanyi ƙalau, wato da safe kafin a tayar da shi. Bawul ɗin da ya matse ba ya rufewa sosai, zuƙar silindarsa za ta faɗi, kuma babu sukurun da zai gyara wannan. Ka duba fulogai, ka ajiye su a jere yadda ka ciro su, akwai amfanin da za su yi nan gaba kaɗan. Ka wanke iyakilina, wato matatar iska, ko ka canza. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na cika ta cikin ɗan lokaci, musamman ga masu hawa Tamale ta Techiman da Kintampo. Wayar totur ta kasance da ɗan sako-sako a hannu, milimita 2 zuwa 6 a yawancin littattafai. In ta yi tsam, ita ce ke riƙe faifai a buɗe.

Mai babur zai ce maka, "Masta, silo kawai za ka ɗan taɓa min, sauri nake." Ka gaya masa cikin ladabi, "Alhaji, in silo kaɗai na taɓa, jibi za ka dawo. Bar min shi ya kwana."

2. Karanta alamu

Rashin daidaito da satar iska suna kama da juna, amma akwai inda suka rabu. In daidaito ne kawai ya ɓaci, silo yana ɗingishi, madubi da hannu suna karkarwa, wajen kuloci yana ƙwaram-ƙwaram a tsaye, tashi daga tsayuwa yana fizga, amma da ka buɗe totur sosai komai ya miƙe. In satar iska ce, silo yakan hau sama ko ya riƙa hawa da sauka da kansa. Ka ba da wuta ka saki, allurar agogon juyin inji ta maƙale a 2,500 ko 3,000 kafin ta sauko a hankali. Salansa na tas-tas idan ka saki totur a gangara. Mai kafireta yana jin daɗi da cok, ka cire ya mutu.

Yanzu ka koma kan fulogan da ka jera. Wanda ya yi fari fat alhali 'yan'uwansa ruwan ƙasa ne, silindarsa ke shan iska fiye da mai. Bututun salansar wannan silindar ma yakan fi sauran canza launi saboda zafi. Ka samu inda za ka fara nema ke nan.

3. Ido da hannu

Ɗaga tanki, ka cire abin da ya tare maka gani. Wanda aka fi zargi shi ne wuyan roba da ke haɗa maƙogwaro da kan silinda. Babur ɗin da ya shekara goma sha biyar ko ashirin a Turai ko Jafan, ya zo ya haɗu da zafinmu, robarsa ta riga ta bushe. Kallon sama ba ya isa. Haska tocila, ka kama maƙogwaron da hannu ka ɗan ɗaga shi sama, ka danna ƙasa, idonka na kan robar. Robar da ka gani sumul sai ka ga ta buɗe baki a gindin kilif, 'yar tsaga siririya baƙa wadda ke rufewa da zarar ka saki. Ƙasan wuyan ya fi ɓoye laifi, ka tura wayarka ka ɗauki hoto.

Daga nan ka bi kowane siririn tiyo daga tushe har ƙarshe da yatsa. Bakinsa, inda ya hau kan ƙarfe, nan yake fara dagargajewa. Hulunan da ke kan bakunan awo su ma ka murza su. Sau tari za ka tarar wani ya toshe ɗaya da noti da salatif. A kan mai injekta ka duba zoben roba na gindin kowace injekta, da tiyon da ke zuwa sansar auna zuƙa. A kan mai kafireta da famfon mai na zuƙa, ka zare tiyon da ke bayan famfon ka leƙa. In ka ga danshin fetur a ciki, fatar famfon ta yage, silindar nan na shan mai ta bayan gida.

4. Gwaji

Tayar da inji a fili, ba cikin shago a rufe ba, don hayaƙin salansa yana kisa ba tare da an ji warinsa ba. Ka bari silo ya zauna.

Hanya mafi sauƙi ita ce kunne. Yanki tiyo kamar rabin mita, baki ɗaya a kunnenka, ɗaya kana zagaya mahaɗai da shi. Inda ke yoyo za ka ji siririn fito. A Magazin da rana, ga masu walda ga masu bugun bodi, wannan ba ya yiwuwa, sai da sassafe.

Sai feshi. Ka fara da ruwa, ka matse bakin kwalbar ya fito siriri, ka fesa mahaɗa ɗaya, ka jira, ka saurara. In ruwa ya shiga tsaga, inji zai yi tuntuɓe na ɗan lokaci. Maganin wanke kafireta ya fi nuna laifi ƙarara, silo ya tashi ko ya faɗi nan take, amma yana kama wuta. Ka sa masa ɗan jan tsinkensa, ka fesa ƙiris, nesa da salansa da wayar fulogi, yashi na kusa da ƙafarka. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi wa inji wanka da shi. Tururin sai ya bi ta bakin iyakilina, silo ya canza, a ɗora wa roba laifin da ba nata ba. A kan mai injekta kuma ka kasa kunne sosai, don kwamfutar babur tana gyara silo cikin ƙiftawar ido, canjin bai daɗewa.

Wanda na fi yarda da shi shi ne hayaƙi, saboda inji a kashe yake kuma ido ke ba da shaida. Samu gwangwanin Milo, ka huda murfin wuri biyu, ka sa tiyo biyu. Ɗaya ya tafi famfon keke, ɗaya, mai tsawon mita 2, ya tafi bakin awon silindar da kake zargi. Ka kunna guntun maganin sauro na nadi, ka kashe harshen wutar, ka jefa ciki ka rufe. Bakin maƙogwaro ta gefen iyakilina ka rufe shi da leda da robar ɗauri. Ka buga famfo a hankali, ba iska mai ƙarfi ake so ba. Cikin inuwa, da tocila a gefe, za ka ga zaren hayaƙi na fitowa daga inda ba ka taɓa zato ba, wani lokaci ma daga gefen sandar da ke juya faifai. In hayaƙin ya ɓace bai fito ko'ina ba, ka ɗan juya inji da tayar baya a giya, mai yiwuwa bawul ne a buɗe. Tsawon tiyon ba ado ba ne: garwashi ne a gwangwani, dole ya yi nisa da fetur.

5. Gyara abin da ka gano

Tiyo da huluna ka canza su duka, ba su da tsada. Wuyan roba da ya tsage magani ɗaya gare shi, sabo. Silikon ba ya jure fetur, gam mai kamawa nan take kuma ƙara busar da robar yake. In dole ce ta sa, ana iya shafa silikon ta waje a naɗe don a kai babur gida, amma kada ka saita komai a kansa. In na hannu za ka saya a Magazin, ko ka aika a nemo maka a Abossey Okai, kasuwar kayan gyara ta Accra, ka tuna sa'an naka ne a shekaru. A lanƙwasa shi a haske kafin a biya kuɗi.

Wajen sawa, ka jiƙa shi a ruwan zafi ya yi laushi. Ka lura da lamba ko kibiyar da ke jiki, don a kan babura da yawa kowane wuya da silindarsa. In akwai zoben roba tsakaninsa da kan silinda, sabo za ka sa. Kilif ka ɗaure daidai, in ka matse fiye da kima shi zai yanka sabuwar robar. Ka maimaita gwajin kafin ka wuce.

6. Shirya awo

Ka zaga da babur kamar minti goma ya yi zafin aiki. Ka kafa shi a miƙe, ka saita fanka tana hura inji.

Mai kafireta: cire tanki, ka rataya ƙaramin tankin wucin gadi sama da kafireta. Mai injekta: famfon mai na cikin tanki, don haka ɗaga shi za ka yi ka tokare da katako, komai a haɗe. Tiyon mansa yana ɗauke da matsi mai ƙarfi, wajen bar 3, ko bayan an kashe inji, kada ka zare shi da wasa. CB400 Super Four ta koma injekta daga ƙirar 2008, na kafin nan kafireta ce, ka san wadda ke gabanka.

In gejin agogo ne, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya a kan baki guda, ka tabbata duk abu ɗaya suke faɗa. Masu araha sukan saɓa wa juna tun daga kwali. Sannan ka haɗa kowanne da silindarsa. A inji mai huɗu a jere, ta ɗaya ita ce ta hagu in kana zaune a kan babur. Bakin da tiyon sansa ke kai, ka sa mahaɗa mai baki uku don sansar ta ci gaba da aiki, in ba haka ba fitilar gargaɗi ta FI za ta kama, inji ya rikice. Wasu littattafan Honda suna cewa a toshe tiyon da ke kai iska salansa kafin awo, wasu Suzuki kuma sai an kulle bawul ɗin silo da na'urar kwamfuta. Abin da littafi ya ce shi za ka bi.

Tayar da inji, ka rage makullin kowane geji har allura ta daina rawa sosai amma tana ɗan numfashi. In ka toshe ta gaba ɗaya ƙarya za ta yi maka. Mai amfani da gejin gida na tiyon mai kuwa yatsunsa su kasance a kan tiyon lokacin tayarwa. Man yana hawa ta gefen da zuƙa ta fi ƙarfi, in ya nufi sama da gudu ka matse tiyon ka kashe inji, ka ɗan gyara sukuru, ka sake.

7. Saitawa

Ka kai silo inda littafi ya ce, galibi tsakanin 1,100 da 1,400. Zuƙar za ta tsaya wajen milimita 200 zuwa 300 na zaiba a yawancin injuna, amma ba adadin ne abin nema ba, daidaito ne. Littattafan Yamaha da yawa sun ce bambanci kada ya wuce milimita 10, na Honda masu injekta da yawa sun ce 20.

Tsari iri biyu ne. Na farko, sukuru a kan ƙarfen da ya haɗa faifai da faifai, kamar yadda yake a kafireta. Mai silinda huɗu sukuru uku gare shi: ka daidaita 1 da 2, sannan 3 da 4, sannan na tsakiya ya haɗa ɓangarorin biyu. Tiyon mai na gida ya dace da wannan sarai, tunda bibbiyu ake yi. Bakunan da ba ka aunawa su zauna a toshe.

Na biyu, ƙaramin sukurun iska a jikin kowane maƙogwaro, wanda ke barin iska ta kewaye faifai. Shi ya fi yawa a masu injekta. Ka warware shi, iska ta ƙaru, zuƙa ta ragu. Ka ɗaure, zuƙa ta hau. Akwai silinda ɗaya da ba a taɓa nata, ita ce ma'auni, sauran ke bin ta. Kafin ka murɗa komai ka sa ɗigon fenti a inda kowane sukuru yake. Bakinsa tsini ne, kada ka ɗaure shi ƙam. Duk sukurun da ka ga kamfani ya shafa wa fenti a kan ƙarfen faifai, da wanda ke riƙe sansar totur, ka ɗauke hannunka. Garin neman gira ake rasa ido a nan.

Murɗi ɗaya bisa takwas na zagaye ya isa a lokaci guda. Ka murɗa, ka zare sukudireba gaba ɗaya, ka ɗan ba da wuta sau biyu, ka jira ya zauna, sannan ka karanta. Nauyin hannunka a kan sukurun ƙarfen faifai kaɗai yana canza awo, shi ya sa sabon shiga ke ganin komai ya yi daidai, da ya ɗaga hannu ya watse. Gyaran silinda ɗaya yana motsa sauran, don haka sai ka zagayo sau biyu ko uku. Silo kan tashi idan abubuwa suka fara daidaita, ka mai da shi wurinsa ka sake dubawa. In fankar lagireto ta kama, ka dakata har ta tsaya, don tana jan wuta ta sauke silo. In ka wuce minti goma inji na tsaye yana aiki, kashe shi ya huce kaɗan.

Mai tiyon mai kada ya wahalar da kansa. Zaiba ta fi mai nauyi fiye da sau 15, wato milimita 10 na zaiba ya kai kusan santimita 15 na mai. In bambancin gefe biyu bai wuce faɗin yatsu biyu ba, ka riga ka fi abin da kamfani ya nema.

8. In wata silinda ta ƙi

In ka kai sukuru kusan ƙarshe silinda ɗaya ta ƙi biyo 'yan'uwanta, ka daina. Ko akwai yoyon da ya tsere maka, ko hanyar iskar da ke ƙarƙashin sukurun ta toshe da baƙin datti, ko bawul ba ya zama, ko ringi ya gaji. Ka wanke maƙogwaron, ka sake gwajin hayaƙi, in duk lafiya ka auna matsin silindar. Allurar da ke faɗuwa tana dawowa a kai a kai, alhali sauran na tsaye, bawul take nunawa ko fulogin da ke ɗauke wuta. Tas-tas ɗin da ya rage bayan komai ya daidaita kuwa, ka duba zoben da ke tsakanin salansa da kan silinda, yoyon wannan gefen ma yana kawo shi. Sababbin babura da ba su da wayar totur sam, kwamfuta ke buɗe faifai, wasunsu ba a saita su sai da na'urar kamfanin.

9. Mai da komai

Kashe inji, ka zare geji, ka mai da huluna da tiyo ɗaya bayan ɗaya kana ƙirgawa. Hula ɗaya da aka manta ta isa ta rushe aikin yini. Ka tabbata tanki bai danne wani tiyo ba. Tayar da inji, ka juya kan babur hagu da dama har ƙarshe: in silo ya tashi, wayar totur ta maƙale a wani wuri, ka gyara kafin kowa ya hau.

Ka fita da shi inda akwai tsayawa da tashi, cunkoson Aboabo zuwa Asawase a cikin Kumasi ya wadatar, sannan ka miƙe hanyar Ejisu ka saki totur daga gudu ka saurari salansa. Da ka dawo, inji na da zafi, allura ta sauko silo kai tsaye ba tare da ta rataya ba. Ka rubuta kilomita da awon kowace silinda a takarda ka ba mai babur. Yamaha tana sa duba wannan daidaito a jadawalin sabis na babura da yawa duk kilomita 10,000, kuma duk ranar da aka taɓa bawul ko aka cire maƙogwaro, sai an sake awo.